Sai An Kai Shaihu Umar Jamus Kafin Mu Gan Shi?

Ya ku malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, ina neman gafara tun ban fara ba, domin na san abin da zan faɗa ba zai yi wa wasu daɗi ba. To amma wannan mujalla tamu ce, in ba a nan muka gaya wa juna gaskiya ba, a ina za mu gaya?

Abin da ya tunzura ni na ɗauki alƙalami shi ne, kwanakin baya na kai wa wani malami batun da nake so in rubuta kundina a kai, watau rayuwa da ayyukan Alhaji Adamu Halilu. Malam ya dubi takardar, ya dube ni, ya ce, "Kai yanzu duk faɗin adabin Hausa ka rasa abin nazari sai 'yan wasa?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ba ɗan wasa ba ne, mai shirya fim ne." Ya ce duk kanwar ja ce. Ban yi musu ba, domin ba a yi mini tarbiyyar ja-in-ja da na gaba ba. Amma da na fito na tambayi abokan karatuna ko wane ne Adamu Halilu, wallahi ba a sami wanda ya sani ba. Wani ma cewa ya yi ko tsohon gwamna ne. Da na ce Ali Nuhu fa, sai kowa ya ɓarke da bayani har da abin da ban tambaya ba.

Ni mutumin ƙasar Gummi ne, kuma a bakin kakana na fara jin labarin fim. Ya ce a zamaninsu motar majigi takan zo daga En'e, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan sallar lisha, gari ya fito kwansa da kwarkwatarsa, ga mai bayani riƙe da lasifika yana fassara abin da ake gani. Har ya bar duniya bai manta da Baban Larai ba, fim ɗin nan na shekarun 1950 da aka yi don koya wa manoma gyaran noman auduga. Bature ya yi majigi ne don amfanin kansa, wannan ba a musu, yana son auduga ta isa Gusau a loda ta a jirgin ƙasa. Amma a cikin wannan makaranta ta majigi ne 'yan Arewa na farko suka koyi riƙon kyamara, kuma Adamu Halilu shi ne babbansu.

An haife shi a 1936 a Garkiɗa, ya yi aiki a sashen fim na gwamnatin Jihar Arewa, ya ƙaro ilmin sana'ar a Turai. A 1976 ya fitar da Shaihu Umar, fim mai fiye da awa biyu, da Hausa tsantsa, daga littafin nan na Abubakar Tafawa Ɓalewa da muke karantawa a aji, bayan Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da shi wasan kwaikwayo. An nuna shi a bikin FESTAC na 1977 a Ikko. Ya kuma yi fim a kan Kanta na Kabi, maƙwabcinmu na yamma. Daga baya ya shugabanci Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Ya rasu a 2001, Allah ya ji ƙansa.

To ina Shaihu Umar ya shiga bayan FESTAC? Ɓacewa ya yi. Shekaru kusan arba'in ana jin sunansa ba a ganinsa, har aka fid da rai. Sai a 2016 aka tsinci gwangwanayensa a wani tsohon ɗakin ajiya na hukumar a Ikko, cikin tarin wasu da tsatsa ta ci. Wanda ya tsaya a kan wannan tono shi ne Didi Cheeka, ba Bahaushe ba. Waɗanda suka wanke shi suka gyara, cibiyar Arsenal ce ta birnin Balin a Jamus. A 2018 aka haska shi a bikin fina-finai na Balin, Jamusawa suka cika ɗaki suna kallon Hausa ana rubuta musu fassara a ƙasa. Mu kuwa da muke haddace shekarar gasar Rupert East, 1933, muna jera sunayen littattafai biyar ɗin nan don mu ci jarrabawa, muna ina? Muna aji muna gardamar ko Shaihu Umar ƙagaggen labari ne ko tarihi. Jama'a, in wannan ba abin kunya ba ne, ku gaya mini sunansa.

Kada a ce ƙaddara ce ta faɗa wa mutum guda. Ku dubi waɗanda suka raya talabijin da rediyo a ƙasar nan. Ƙasimu Yero na Zariya, wanda ya fito a Magana Jari Ce da Karambana, ya kuma fito a wasan Turanci na Cock Crow at Dawn, ya rasu a 2017. Usman Baba Pategi, watau Samanja Mazan Fama, tsohon soja, wanda ya ɗauki Hausar bariki ya mai da ita abin da kowane gida ke jira, ya rasu a 2023. Abdullahi Shu'aibu Karkuzu na Jos ya rasu a 2025, bayan tsufa ya zo masa da rashin gani da rashin muhalli, har sai da ɗan ƙwallon nan Ahmed Musa ya saya masa gida. Mutumin da ya shekara da shekaru yana sa Arewa dariya! Duk waɗannan sun rayu har zamanin da kowane ɗalibi ke da wayar ɗaukar magana a aljihu. Daga Kaduna zuwa nan tafiyar yini ce. Wa ya hana mu zuwa mu zauna gabansu mu ce, "Baba, ba mu labari tun daga farko"? (Ku lura kuma, Samanja Banufe ne, Halilu mutumin Adamawa. Sau da yawa waɗanda suka fi yi wa harshen nan bauta ba su ne masu bugun ƙirji da shi ba.)

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta. Za a ce fim ɗin Hausa kwaikwayon Indiya ne, rawa da waƙa da soyayya, ba al'adarmu ba ce, don haka bai cancanci alƙalamin manazarci ba. Na yarda akwai kwaikwayon Indiya, mai ido ba ya musun wannan. Amma ina tambaya, daga ina Abubakar Imam ya ɗebo yawancin labaran Magana Jari Ce? Malamanmu da kansu suka koya mana cewa ya aro daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da na Gabas, ya sa musu riga da hula suka zama namu. Aron Imam mun kira shi gwaninta, mun rubuta kundaye a kansa. Aron 'yan fim mun kira shi ɓata al'ada, mun kau da kai. In ma ɓarna ce, ai likita ba ya ƙin duba ciwo don yana wari.

Kuma mu mutanen Zamfara ya kamata mu fi kowa gane wannan. Jiya-jiya makaɗi maroƙi ne, ba a ba shi 'ya, ba a zama da shi tabarma ɗaya. Yau kuwa sunayen Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Kassu Zurmi sun cika kundayen digiri. Me ya kawo haka? Wasu ne suka ƙi jin kunya, suka ɗauki rikoda suka bi makaɗa gida-gida, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, suka rubuta asalinsu da salonsu tun ana iya samun masu ba da labari. Da sun tsaya cewa "maroƙa ne", da yau ba mu da abin karantawa. A fannin fim ma ba a rasa masu ƙoƙari ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe yana wannan aiki, kuma an yi babban taro a Kano a 2003 a kan fina-finan Hausa wanda aka buga takardunsa. Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim a 1999, a shekarar da Sunusi Shehu Daneji ya raɗa sunan Kannywood a mujallar Tauraruwa. Amma hannu nawa ne wannan a kan sana'ar da ta faro tun Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ta fitar da fina-finan da ba wanda ya iya ƙidaya su?

To kada 'yan fim su ji wannan su ɗauka kirari nake yi musu. Yanzu zan juyo kansu, kuma a nan ne abin ya fi ci mini rai.

A 1991 Saddiƙ Ɓalewa ya yi wani fim mai suna Ƙasarmu Ce. Labarin wani ƙauye ne da aka gano duwatsu masu daraja a ƙarƙashin gonakinsa, wani mai kuɗi ya tashi haiƙan sai ya raba talakawa da ƙasarsu. Shekara 19 bayan haka, abin da ya fi wannan muni ya auku a gidanmu. A 2010 yara suka dinga mutuwa a Dareta da Abare da Sunke a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Zinariya ta yi tsada a kasuwar duniya, mutane suka dinga kwaso dutse daga rami suna kawowa cikin gida, mata na dakawa a turmi, ana niƙawa a injin da ake niƙa hatsi. Dutsen kuwa cike yake da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida, yaro mai rarrafe ya sa hannu a ƙasa ya kai baki. Sai zazzaɓi, sai sanƙarewa, sai kabari. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ce ta fara gano abin. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka sha gubar, wasu sun rayu amma ƙwaƙwalwa ta taɓu har abada. Bagega kuwa sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, bayan an yi ta kururuwa kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗi.

Wannan labari yana da duk abin da mai fim ke nema. Ga uban da talauci ya tura rami, ga uwar da ta daka ajalin ɗanta da hannunta ba ta sani ba, ga dillalin da ya sayi zinariyar ya tafi birni. Ina manyan Kannywood da ake kira sarakuna? Ku nuna mini fim ɗinku a kan Dareta wanda ya yi tashe kamar Sangaya, in janye maganata a fitowa ta gaba. Saddiƙ Ɓalewa ya hango abin tun bai zo ba, ku kuwa ya zo ya wuce kuna falo, Alhaji da Hajiya na rigimar kishiya.

Ba a tuna da mu sai in ana son dariya. Sau nawa kuka ga an sa wa likita ko alƙali Hausarmu ta yamma a fim? Amma da an tashi nuna baƙauye wanda bai san bayan gida na zamani ba, sai ka ji an karkace baki ana "mi an nan", ana "shina tahowa", jama'a na tuntsira dariya. Harshen da makaɗan fada suka yi wa sarakuna waƙa da shi, harshen Anka mazaunin Sarkin Zamfara, shi ne ya koma rigar wawa. Mu ɗaliban karin harshe kuma muna cikin masu dariyar.

Shi ya sa nake cewa mu da su duka muna da laifi, kuma laifin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Da yake mu masu nazari mun ƙi auna 'yan fim da ma'aunin ilmi, sai aka bar su da ma'aunin kasuwa da na yawan mabiya a Instagram. Tarihin babban ɗan fim a yau bai wuce shekarar haihuwa da jerin kyaututtuka da yawan aure ba. Ba mai tambayar wa ya koya masa, me ya ƙara a kan abin da ya tarar, me ya ce game da zamaninsa. Ali Nuhu, wanda ya karanta labarin ƙasa a Jami'ar Jos ya shiga fim a ƙarshen shekarun 1990, an naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya a watan Janairu na 2024, watau kujerar da Adamu Halilu ya zauna. Ga abin nazari a fili: yadda sana'a ta taso daga hannun ma'aikacin gwamnati mai fim ɗin majigi, ta faɗa hannun 'yan kasuwar kaset na Kano, ta zagayo ta koma ofishin gwamnati. Wane ɗalibi aka ba wannan batu? Da za a ba ni dama in gana da shi, abin da zan tambaya guda ne: ranka ya daɗe, sauran gwangwanayen fa?

Ga rediyo ma haka. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a jihar Zamfara saboda 'yan bindiga. Ina gida a lokacin. Ba kira, ba saƙo, ba intanet. Abin da ya rage mana shi ne akwatin rediyon mahaifina, mu kewaye shi da asuba da dare mu ji ko duniya ta san halin da muke ciki. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake magana, gidan rediyon Kaduna tun 1962. Muryoyin da suka ratsa waɗannan gidaje sun gyara Hausar zamani fiye da kowane littafin nahawu, su suka ƙera rabin kalmomin siyasa da mulki da muke amfani da su. Da yawansu sun tsufa, suna nan Kaduna da Sakkwato da Gusau a zaune, ba mai zuwa.

Malamaina, ba raini a maganata, roƙo ne. Ku buɗe mana wannan ƙofa a kundayen bana. Ita kuma ƙungiyarmu, kuɗin da muke kashewa a kan lemo da kujeru ranar Makon Hausa, a rage kaɗan a nemo Shaihu Umar a haska mana shi a babban ɗakin taro, tunda yanzu akwai shi. Ni dai na mayar da takardata wurin Malam da batun nan dai, ban canja ko wasali ba, kuma ya ce in dawo ranar Litinin.