Kuɗin Tauraron Ɗan'adam Ba Asara Ba Ne

Ran 20 ga watan Fabrairu, 1962, wani Ba'amurke mai suna John Glenn ya kewaya duniya sau uku a cikin kumbo. Da ya iso saman ƙasar Hausa sai ya yi magana da ma'aikatan wata tasha da Amurka ta kafa a Kano domin bin sawun kumbon, ya shaida musu cewa yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa. Suka amsa masa da cewa ai mako guda ke nan ana iska mai ƙarfi. Bayan shekara ɗaya da rabi kuma, watau ran 23 ga Agusta, 1963, Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana ta waya da Shugaba Kennedy ta hanyar tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2, wani jirgin ruwan Amurka da ke tashar Ikko shi ya haɗa su. Wannan ne karo na farko da shugabannin ƙasashe biyu suka gaisa ta wannan hanya.

An kawo wannan tarihi ne don jama'a su san cewa sha'anin sararin samaniya ba baƙo ba ne a Nijeriya, kuma ba baƙo ba ne a Arewa. Amma duk lokacin da aka ji Gwamnatin Tarayya za ta ware kuɗi don tauraron ɗan'adam, sai gunaguni ya tashi a Agege da Mile 12 da Sabon Badun da Anacha. Masu gunagunin suna cewa wanda bai ci ya ƙoshi ba, me ya kai shi sama? Maganarsu kuwa ba ta banza ba ce. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a 2022 cewa mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci iri-iri a ƙasar nan, kashi 65 cikin 100 kuwa 'yan Arewa ne. Mutumin da ya baro gonar ubansa ya zo Kurmi yana tura baro ko yana acaɓa, yana da hakkin ya tambayi inda ake kai kowane kwabo.

To, ina aka kai shi? A 1999 aka kafa hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, hedkwatarta tana Lugbe a kan hanyar filin jirgin saman Abuja, tana da cibiyoyi a Jos da Toro ta Jihar Bauchi da Nsukka da Ile-Ife da Epe. A watan Satumba na 2003 aka harba tauraron farko, NigeriaSat-1, daga Rasha. Kamfanin Surrey na Ingila ne ya ƙera shi a kan kimanin dala miliyan 13. An yi shi don ya yi aikin shekara 5, ya yi fiye da 8, har hotunan da ya ɗauka suka taimaki Amurka kanta sa'ad da guguwar Katrina ta auka mata a 2005. A watan Agusta na 2011 aka harba wasu biyu, NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, na biyun kuwa injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi da hannunsu bayan sun sami horo a Ingila.

Akwai kuma abin kunya, ba a ɓoye shi. Tauraron sadarwa na farko, NigComSat-1, wanda aka harba daga ƙasar Sin a watan Mayu na 2007, ya mutu a watan Nuwamba na 2008 saboda fikafikan da ke tara masa hasken rana sun lalace. Sai a watan Disamba na 2011 aka maye gurbinsa da NigComSat-1R. Masu suka ba su manta da wannan ba, bai kuwa kamata su manta ba.

Abin da yawancin jama'a ba a yi musu bayani ba shi ne, waɗannan taurari ba wata suke nema ba, ba kuma duniyar Mirrihu ba. Ƙasa suke kallo. Mai ɗaukar hoto yana kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 700, yana ɗaukar gonaki da dazuzzuka da koguna da garuruwa, ya komo bayan 'yan kwanaki ya sake ɗauka. Idan aka jera hoton bana da na bara da na shekara goma da suka wuce, sai a ga inda rairayi ya ci gona a Yusufari ko Illela, da inda aka sare daji, da inda kogi ya sauya hanya. Mai sadarwa kuwa yana can nesa, kusan kilomita 36,000, yana tafiya daidai da juyawar duniya, shi ya sa kwanon talabijin ke fuskantar wuri guda kullum.

Yanzu mai karatu ya tambayi kansa abin da ya kawo shi Kudu. Wasu fatauci ne ya kawo su, kamar yadda ya kawo kakanninsu masu goro da shanu. Amma da yawa ƙasa ce ta gaza musu. Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 kafin ƙarshen shekarun 1980, masunta da manoma da makiyaya suka watse. Hotunan sama ne suka nuna wa duniya girman wannan masifa, su ne kuma suka nuna ruwan ya ɗan farfaɗo daga baya. Jamhuriyar Nijar da maƙwabtanta, waɗanda ba su kai Nijeriya arziki ba, tun 1974 suka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai, wadda take amfani da irin waɗannan hotuna don gane inda damina za ta gaza tun kafin rumbu ya ƙare.

Inda fari ya ƙyale kuma ambaliya ba ta ƙyale ba. A 2022 ruwa ya kashe mutum fiye da 600, ya raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, Jihar Jigawa tana cikin waɗanda suka fi shan wuya. Ran 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri cikin dare. Tauraro ba ya tare ruwa. Amma yana nuna yadda madatsa take cika, da unguwannin da ke kan hanyar ruwa, da inda ya kamata a kai kwalekwale da abinci bayan hanya ta yanke. Kuɗin da 'yan ci-rani suka aika gida don sake gina ɗakunan da suka rushe, da tsadar da tumatir da albasa suka yi a kasuwannin Kudu, duk cikin kuɗin rashin sani da wuri ne.

Indiya ta ishi kowa misali. Ta harba tauraronta na farko a 1975, lokacin da duniya ke yi mata dariyar yunwa. A 1999 guguwa ta kashe kusan mutum 10,000 a jihar Odisha. A 2013 wata babbar guguwa ta sake nufar wannan jiha, amma da yake an hango ta tun tana teku, aka kwashe kusan mutum miliyan ɗaya, waɗanda suka mutu ba su kai 100 ba. Sai a 2023 Indiya ta sauke kumbo a kan wata. Ta fara da manomi da masunci, watan ya zo daga baya.

A nan ne hukumomin Abuja ya kamata su yi hattara. A 2024 an yi ta shelar wata yarjejeniya ta kai ɗan Nijeriya sararin samaniya. Wannan ado ne, kuma ba da shi za a shawo kan mai turin baro ba. Abin da ya fi gaggawa shi ne, NigeriaSat-2 an ƙera shi ne don shekara 7, watau wa'adinsa ya cika tun 2018, shi kuma NigComSat-1R shekara 15 aka ƙiyasta masa daga 2011. Ƙasar da ba ta da idonta a sama dole ta sayi hoton gonakinta da dazuzzukanta daga hannun wasu da kuɗin waje, a ba ta wanda aka ga dama, a lokacin da aka ga dama. Ga kuma gajimare, wanda ke rufe idon tauraro mai ɗaukar hoto a daidai lokacin damina da aka fi bukatarsa. Maganin wannan shi ne tauraro mai na'urar rada, wanda ke gani ta cikin hadari da duhun dare, kuma shi ne zai fi amfani ga masu tsaron dazuzzukan Rugu da Kamuku da Sambisa.

Saboda haka ya kamata Majalisar Dokoki ta Tarayya ta ware kuɗin sababbin taurari, amma da sharaɗi. Hoton da ya tsaya a cikin kwamfuta a Lugbe bai amfani kowa ba. A tilasta wa hukumar ta riƙa miƙa abin da ta gano ga ma'aikatun gona da hukumomin agajin gaggawa na jihohi, a fassara shi da Hausa da Kanuri da Fulatanci, a karanta a rediyo kafin shuka da kuma tsakiyar damina. A kuma buga wa jama'a lissafin abin da aka kashe kowace shekara, a san nawa ya tafi albashi da motoci, nawa ya tafi aiki. Gwamnonin Arewa, musamman na jihohi 11 da hamada ke yi wa barazana, su ne ya kamata su fi kowa matsa lamba a kan wannan, su kuma tura yaransu Jos da Toro su koyi karanta hotunan. Shugabannin Hausawa na Ikko da Badun da Fatakwal kuwa, idan 'yan majalisarsu na gida suka zo neman goyon baya, sai su tambaye su matsayinsu a kan wannan kasafi.