Makin Cinebench ba shi zai yi maka sassaƙa ba

Maganar wannan makon ta masu sassaƙa ce a ZBrush da Blender, musamman masu tara kuɗin haɗa sabuwar kwamfuta. Duk lokacin da aka tambayi wace furosesa za a saya, sai wani ya kawo hoton makin Cinebench, a ce magana ta ƙare. Ni a ganina wannan makin yana sa mutane kashe kuɗi a inda ba nan matsalarsu take ba.

Cinebench na kamfanin Maxon ne, wanda shi ne ya sayi Pixologic, masu ZBrush. Wataƙila shi ya sa ake ɗauka gwajin ya shafi sassaƙa. Amma abin da yake aunawa renda ne. Renda kuwa kamar gayyar noma ce: a raba hoto gida-gida, kowace ƙwayar aiki ta cikin furosesa ta kama kunyarta, yawan hannu ya rage lokaci. A nan Threadripper 3990X mai ƙwaya 64, wadda AMD ta fitar a 2020 kan dala 3,990, ba ta da abokin karawa a zamaninta.

Sassaƙa daban ce. Ka ja alƙalami a kan kumatun mutum-mutumi, sai manhaja ta gano ɗigon da ka taɓa, ta tura su, ta sake lissafa fuskar wurin, ta nuna maka, sannan jan gaba ya hau kan sakamakon na baya. Ana raba wani ɓangaren aikin, ana kuma jiran wani. Wanzamai goma ba sa gama askin kai ɗaya da sauri ninki goma.

Tun 1967 Gene Amdahl ya bayyana wannan lissafin. A ce kashi 10 cikin 100 na aiki ba ya rabuwa. Ƙwaya 16 za ta ba ka sauri ninki 6.4, ƙwaya 64 kuma ninki 8.8 kacal. Ka ninka ƙwayoyi sau huɗu, ribar ba ta kai rabi ba. Ga shi kuma 3990X ba ta wuce 4.3 GHz, alhali Ryzen 9 7950X mai ƙwaya 16 tana taɓa 5.7. A ɓangaren da ba ya rabuwa, ƙaramar ce za ta riga isa.

Masu manyan furosesa suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. ZBrush a kan furosesa ya dogara, ba katin hoto ba, don haka kuɗin da ka zuba a nan ba asara ba ne gaba ɗaya. Threadripper PRO tana da hanyoyi takwas zuwa ram, Ryzen biyu, wannan yana da amfani idan foligon ya yi yawa sosai. Wanda kuma ke renda da furosesa a Cycles kullum, ya saya, zai ga kuɗinsa. Sai dai da yawanmu katin hoto ne ke yi mana rendar.

Gwajin da nake so mu riƙa kawowa nan shi ne na aikin kansa. Fayil ɗaya mai nauyi, agogo a hannu: daƙiƙa nawa DynaMesh ya ci, nawa ZRemesher, nawa Decimation Master, nawa adana fayil. Sannan buroshi, a wane yawan foligon ya fara bin hannunka a makare? A faɗi girman ram, domin idan ta cika kwamfuta ta koma rubutu a faifai, ƙwaya 96 ma sai ta zauna jira.

A kuma yi gwajin bayan awa guda ana aiki, ba da sanyin asuba ba. Furosesa idan ta yi zafi tana rage gudu da kanta, kuma ɗakin da aka auna makin da kuke gani ba ɗakin Sakkwato ba ne a watan Afrilu. Threadripper PRO 7995WX ita kaɗai wat 350 aka rubuta mata, 7950X kuwa 170. Mai aiki da inbata ya tambayi batirinsa tukuna.