Yaron da ya shigo ta ɓarauniyar hanya

Jama'a, wata ɗabi'a ta fara yi mana yawa: da an ga baƙon yaro ba takarda, sai ka ji an ce "infoma ne". Na san abin da ya jawo haka. Duk wanda yake da ɗan'uwa a Jibiya ko Batsari ba sai an koya masa tsoron baƙuwar fuska ba. Amma tsoro daban, hukunci daban.

Satin da ya wuce a tasha na tarar an kewaye wani yaro da bai wuce shekara 16 ba. Ɗan wajen Kance ne, jihar Damagaram. Ya ce ya je Aljeriya neman kuɗi, aka kama su, aka zube su cikin sahara a wurin da ake kira Point Zéro, suka taka kusan kilomita 15 zuwa Assamaka. Kunyar komawa gida hannu rabbana ta sa ya zarce, ya tsallako ta daji kusa da Kwangwalam. Ƙafafunsa duk sun tsage. Wani na cewa a kira 'yan sanda, wani na cewa a fara tambayarsa da bulala. Mai shayi ne kawai ya tambaye shi ko ya ci abinci.

Ya karya doka? Ƙwarai. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ba zan ce takarda ba ta da amfani ba. Ko yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da ta ba da damar zama kwana 90 ba biza, sai da ta ce a riƙe takardar tafiya. To amma wannan aikin jami'an shige da fice ne, ba na 'yan tasha masu sanda ba.

Kuma mu riƙa tunawa. A 2019 da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina, dubban mutanenmu Maraɗi suka nufa, wajen Gidan Runji. Wa ya tsaya neman fasfo? Talakawa irinsu ne suka buɗe musu zaure da rumbu. Haka mutanen Borno a Diffa.

Abin da ke ba ni haushi ma, kullum yaron ake kamawa. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a saharar arewa da Arlit, yawanci mata da yara, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Har gobe akwai masu karɓar kuɗin iyaye su loda yara a wannan hanyar, kuma su ba a kewaye su a tasha.

Ga abin da nake gani: a ba shi ruwa da abinci tukuna, a kai shi wurin mai unguwa ko sarkin tasha, a nemi danginsa a waya, hukuma ta shigo ta ƙofar da ta dace. In akwai abin zargi, a can zai fito.

Ku da ke zaune a Mai'aduwa da Daura, ya kuke yi da irin waɗannan yaran in sun faɗo muku?