Lokon Ebute Metta a Idon Kyamara

Masu ɗaukar hoto a Legas sun daɗe da gano lokon jirgin ƙasa na Ebute Metta, inda tsoffin kawunan jirgi masu aiki da kwal ke jibge, tsatsa na cinsu a hankali. Gidan Jaekel da ke harabar, wanda aka gina a 1898, ya samu gata: ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara shi ya zama ɗan gidan tarihi. Rumfar gyaran jiragen kuwa sai dai hamdala.

Abin takaicin shi ne yawancin hotunan na ango da amarya ne, jirgin ya koma ado kawai a bayansu. Mai kyamara da ya san aikinsa sammako yake yi, lokacin da hasken safe ke ratsowa ta ɓulallen kwano. Sai ya durƙusa bakin ramin da makanikai ke shiga su duba ƙarƙashin jirgi, ya ɗauki farantin tagullar da ke ɗauke da lambar inji, da baƙin man da ya daskare a daɓe.

Neman izinin Hukumar Jiragen Ƙasa wajibi ne kafin a shiga. Tsoffin ma'aikatan da suka ƙona hannu a wajen ma sun cancanci a tsayar da su gaban injinan, tun suna iya nuna wane ƙarfe ne ke yin me.