Moto ya daina ja? Kada a yi saurin sauke inji

 

Ranar zubinmu na makon jiya, bayan ma'ajiya ta ƙirga kuɗi, wata ƴar ƙungiyarmu ta ɗaga hannu tana neman rancen jika 40. Ba jari za ta ƙara ba, motonta ne ya ƙi ja. Tsohon Yamaha Dam ne, kuma shi ne ƙafarta, da shi take kai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli Tibiri da cikin Maradi. Ta ce tashi kam yana tashi, amma in ta murɗa sai gurnani da hayaƙi, gudu babu. In ta shiga rairayi sai ta sauka ta tura. Makaniken unguwarsu ya ce mata, "Hajiya, injin nan ya gaji, sai an sauke shi an sa fistan da sigma sababbi."

Kowa ta yi shiru. Jika 40 a akwatinmu jarin mata uku ne, kuma rancen gyara ba ya haihuwa, amma biya dole. Shugaba ta ce a dakata mako guda. Ni kuma na ce mu kai shi wurin wani dattijo da ke gyaran mobilet tun muna ƴan mata. Na raka ta, kuma abin da na gani a rumfarsa shi na kawo muku yau, don na san da yawa cikinku irin wannan moton kuke hawa, ko shi ƴaƴanku ke kai muku kaya da shi.

Moto iri biyu ne. Yawancin sababbin da ke gari, baƙin mai na zaune a cikin injinsu, ana juye shi lokaci-lokaci a zuba sabo. Irin su Yamaha Dam da P50 ba haka suke ba. Nasu man, wanda za ku ga an rubuta 2T a jikin gwangwaninsa, tare da isansi yake ƙonewa. A P50 cikin isansin ake gauraya shi, Yamaha Dam kuwa yana da ɗan tankinsa daban. Shi ya sa suke hayaƙi, kuma hayaƙin nan yana barin kunkunniya, kamar dai rufin ɗakin girki.

Dattijon bai fara da ɗaukar maɓalli ba. Ya ɗora moton kan ƙafarsa ta tsakiya, ya juya tayoyin da hannu, ya latsa su. Ya ce birkin da ya kama ko tayar da ba iska suna iya cinye ƙarfin moto, mutum ya yi ta zargin inji. Nata lafiya lau.

Daga nan ya ce mana inji murhu ne: yana son iska, yana son itace mai kyau, yana son hanyar da hayaƙi zai fita. Ya buɗe wurin soson da ke tace iska. Wallahi da kun gan shi ba za ku ce soso ba ne, ƙurar hunturu ta daskare a kai kamar ƙanzo. Ta ce ita ba ta ma san akwai shi ba. Ya wanke shi, ya matse, ya shanya, ya ɗiga masa mai kaɗan ya mayar. Ya gargaɗe mu da babbar murya: wasu yara in sun ga soso ya toshe sai su cire shi su yar, moto ya yi ta gudu, a ce an gyara. Rairayin da zai shiga daga ranar shi zai goge fistan kamar ana niƙa a dutse.

Sai buji. Wannan kowace mace ya kamata ta iya duba shi, maɓallinsa ɗaya ne kuma ba tsada. A bari inji ya huce, a kwance, a dubi bakinsa. In ya yi launin gyaɗar da ta soyu daidai, ƙonewa na tafiya yadda ake so. In ya yi baƙi, ya jiƙe da mai, to ko iska ba ta isa, ko mai ya yi yawa, ko man ba mai kyau ba ne. In kuwa ya yi fari fat, nan ne abin tsoro yake, injin na zafi fiye da ƙima, kada a ƙara hawa sai an duba. Nata baƙi ƙirin ne, har yana naso.

Ya kuma busa murfin tanki. Ashe akwai ɗan rami a jikinsa da iska ke shiga. In ya toshe, moto zai yi tafiya kaɗan ya riƙa shaƙewa, in an buɗe murfin ya dawo daidai. Na taɓa tura moto daga bakin kasuwa har gida a kan wannan, sai ranar na gane.

Amma babban ciwon a salansa yake. Da ya kwance ta, ya miƙa wa ƴar uwarmu ya ce, "Ɗiyata, ɗaga ki ji." Nauyi kamar an cika ta da ƙasa. Kunkunniyar shekaru ce ta taru a ciki, har ƙofar da hayaƙi ke fita daga inji ta rage kamar rabi. Ya kai ta can nesa da isansi ya gasa ta a wuta, ya bubbuga, gawayi ya yi ta zuba. Ya kankare bakin ƙofar a hankali don kada ɓarɓashi ya faɗa ciki. Wannan aikin nasu ne, kada wata ta gwada a tsakar gida.

Yana cikin ɗaurawa ya tambaye ta wane mai take zubawa. Ta ɗan yi jim, sannan ta ce na kwalba, mai araha. Ya ce, "Wanda aka juye daga mota ke nan." Ban ga laifinta ba, duk mun san yadda ake ƙirga dala-dala. Sai dai wannan arahar ita ta kusa cin jika 40. Baƙin man mota, balle wanda ya riga ya yi aiki, ba don ƙonewa aka yi shi ba. Masu gaurayawa a tanki kuma, ku tambayi awon da ya dace da naku moton ku riƙe shi. In an ce 2 cikin 100, mililita 20 ke nan a lita guda. Rage shi ya fi ƙara shi haɗari: in ya yi yawa hayaƙi ne da toshewa, in ya yi kaɗan fistan ne zai kama, kuma wannan ba a gasa shi a wuta ya warke.

Isansin ruwa-ruwa kuwa, ba zan ce ku daina saye ba, don a ƙauyuka da yawa shi ke akwai. Ku dai ɗaga kwalbar ku dubi gindinta. Ruwa ya fi isansi nauyi, ƙasa yake kwantawa. Ku sa a tace da ƙyalle mai tsabta, don ƙwayar rairayi guda ta isa ta toshe ramin karbirato.

Ban ce makaniken farko macuci ba ne. Sigma na cinyewa da gaske, kuma tana da alamunta: in kika taka kik ya tafi salalam ba tauri, moto na wuyar tashi, ga ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Abin da nake cewa, kafin a zo gaban akwati da maganar sauke inji, a tambayi mai gyara: ka duba soso? Ka ga buji? Yaushe rabon a wanke salansa? In ya fusata don an tambaya, akwai wata rumfar a gaba. In kuma an canza wani abu, a karɓi tsohon a gani da ido.

Jika 3 da rabi muka biya, har da sabon buji. Ta hau, ta murɗa, sai da ta riƙe ɗankwalinta. Ta janye neman rancen, kuɗin suka tafi ga mata biyu masu sarin albasa.

Dattijon dai ya faɗa mata gaskiya kafin mu tafi: kik ɗin ya fara laushi, sigma za ta kai ta bayan damina in ta kiyaye mai, amma ba za ta wuce nan ba. Ta ce daga yanzu duk ranar kasuwa za ta jefa dala 40 a gwangwani da sunan moto. Ma'ajiya ta ce in tana tsoron yara su gano wurin, ta kawo a ajiye mata.