Tafkin Tabalak: gyara daga tudu zai fara

Tun 2005 tafkin Tabalak, kan hanyar Tawa zuwa Agadas, yake cikin jerin wuraren ruwa na yarjejeniyar Ramsar. Sai dai takarda ba ta tare yashi. Kowace damina koramu na kwaso rairayi daga tuddan da aka sare wa itatuwa, su zuba cikin tafkin. Leda da maganin ƙwari na lambuna ma can suke ƙarewa. Masunta, makiyaya da masu albasa ne ke shan wahalar.

Mutanen Adar sun san maganin. Daga 1984, aikin Keita, da tallafin Italiya da FAO, ya nuna cewa jera duwatsu, haƙa ramuka da dashen itace a kan tudu na rage ƙarfin ruwa kafin ya isa kwari. Mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin.

Yanzu bai kamata a zauna jiran wani turawan ba. Ƴan ci-rani na Abijan da Libiya suna aiko kuɗin gina gidaje da masallatai. Ƙungiyoyinsu su ware wani kaso, su biya matasa aikin gayya kafin damina, magadan gari kuma su hana sare itace a bakin koramu. In tafkin ya cike, wasu samarin ma tafiya za su yi.