Kuɗinka Ne, Nemi Lissafi!

Ɗan'uwa manomi, kai da ka koyi karatu bana ko bara, da kai nake magana. Kai na Sukukutane mai noman albasa, da kai na Dogon Dutsi mai dankali, da ke ƴar'uwa ta Tibiri mai zubin adashi. Tambaya guda gare ni: kuɗi nawa ne cikin asusun ƙungiyarku yau?

Na san abin da za ka ce: "Sai a tambayi sakatare." To, ranar taron shekara ba ka je ba? Ka je. Kun zauna gindin icce. Sakatare ya buɗe littafi, ya karanta lambobi da Faransanci, da sauri kamar ana korarsa. Shugaba ya ce, "Kowa ya ji? Kowa ya yarda?" Kun ce kun yarda. An shafa fatiha, an watse. Ka koma gida, maiɗakinka ta tambaye ka abin da aka samu, ka ce, "An ce dai lafiya lau."

Wannan rufa ido ne, kada wani ya kira shi lissafi. Ban ce kowane sakatare ɓarawo ne ba. Da yawansu mutanen kirki ne, suna aikin babu albashi. Amma lissafin da masu dukiya ba su gane ba, ko da gaskiya ce a ciki, daidai yake da wanda ba a yi ba.

Matsalar ta daɗe

A 1962 gwamnati ta kafa UNCC don ta tsara manoma cikin ƙungiyoyin gama kai. A shekarar kuma aka kafa SONARA mai cinikin gujiya. Manomi ya kai gujiyarsa kasuwa, a auna, a rubuta, a biya shi. Bayan an rufe kasuwa, in an samu rara, a maido wa ƙauyuka. Amma takardun da Faransanci suke. Wanda ya noma gujiyar bai iya duba nauyin da aka rubuta masa ba, balle rarar da ta kamace shi.

Daga 1966 aka shigo da sabon tsari: manoma su zaɓi masu awo da masu rubutu daga cikinsu, su riƙe kasuwarsu da kansu. A jihar Maraɗi ma'aikatan yaƙi da jahilci suka koya wa manoma cika takardun kasuwa da Hausa. Mutanen da ake cewa ba su san komi ba suka riƙe sikeli da alƙalami. An rushe UNCC cikin shekarun 1980, amma darasin yana nan. Abin da kakanninka suka iya, me zai hana ka, kai da ka riga ka san baƙaƙe?

Tarkon dala

Ga abu na farko da ke ruɗa mu. Takarda da tamma take lissafi, mu kuwa da dala muke ƙirga, kuma dala ɗaya tamma 5 ce. In an rubuta 500, dala ɗari ke nan. In an rubuta 1000, dala metan ce, wato jika guda. To, sakatare ya ga 500 a takarda, ya ce "ɗari biyar". Tsohon da ke zaune a baya ya ji dala ɗari biyar, wato jika biyu da rabi. Magana ɗaya, kuɗi biyu. A cikin wannan rata kuɗi ke ɓata, a cikinta kuma ake zargin wanda bai ci ba. Saboda haka duk lambar da aka karanta, a faɗe ta da jika da dala, yadda muke ciniki a kasuwa.

Mu yi misali

A ce bankin cimaka na garinku yana da jika 750. Da kaka aka sayi hatsi buhu 50, kowane buhu jika 15. Da damana aka buɗe sito ana saida wa jama'a buhu jika 18.

An saida buhu 44, an karɓi jika 792.
An ba da buhu 4 bashi, kuɗinsu jika 72.
Buhu 2 sun lalace, ƙwari sun ci.
An kashe jika 32 wajen amalanke, da maganin ƙwari, da mai gadi.

Cire 32 daga 792, saura jika 760. Su ne ke cikin akwati. Sakatare yana iya tashi ya ce, "Mun ci riba jika 82." Bai yi ƙarya ba, ya haɗa da bashin ne. Amma ribar da ke hannu jika 10 ce kawai. Sauran 72 suna aljihun mutane, kuma bashi sai an biya yake zama kuɗi.

Ba a nan ta tsaya ba. In kaka ta zo buhu ya kai jika 16, jika 760 buhu 47 za su saya, da ɗan canji. Bara 50, bana 47. A takarda kun ci riba, a sito kun ragu. In aka yi shekara biyar haka babu mai magana, wata damana za ku je da ƙwarya ku tarar da ƙofa a rufe. Ranar nan kowa zai ce an ci amana, alhali a gabanku abin ya yi ta zurarewa, kuna cewa "mun yarda". Don haka a riƙa faɗin lissafi ta hanya biyu: kuɗi nawa, buhu nawa.

Abin da za su ce maka

Za su ce, "Talaka ba ya gane lissafi." Ƙarya ce. Mai saida ƙosai ta san kuɗin wakenta, da na mai, da na icce, ta san abin da ya rage mata kafin rana ta take. A 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Yawancin matan ba su taɓa shiga aji ba. Duk zama sai a ƙirga kuɗi a bainar kowa, a faɗa da ƙarfi, kowace ta riƙe a ka. Dubarar ta bazu har ƙasashe da yawa na Afirka. In jama'a ba su gane ba, laifin mai bayani ne.

Za su ce, "Shugaba dattijo ne, tambayarsa rashin kunya ne." Girman dattijo yana nan, ka gaishe shi, ka rusuna, ka ce, "Baba, a gafarce ni, ban ji wurin bashin nan da kyau ba, a maimaita mini." Wane rashin kunya ke cikin wannan? Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ba a keɓe dattijo ko ɗan'uwa ba. Lissafi a fili shi ke wanke mai gaskiya daga tsegumin bayan fage.

Za su ce, "Takardun na masu ba da tallafi ne, dole da Faransanci." To, a rubuta musu nasu da Faransanci, a rubuta mana namu da Hausa. Baƙo mai mota yana zuwa ya tafi. Mu ne masu zubi, mu ne masu biyan bashi. Dokar OHADA ta 2010 a kan ƙungiyoyin gama kai, wadda ke aiki a Nijar, ta ba babban taron membobi ikon duba lissafin shekara da amincewa da shi. Yaya za ka amince da abin da ba ka ji ba?

Abin da za ka nema

Ranar taro, a ari babban allon ajin yaƙi da jahilci, a jingina shi inda kowa ke gani. A rubuta abu biyar da manyan lambobi: abin da muka tarar, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ake bin mutane, abin da ya rage. A karanta sannu a hankali, da Hausa. A kawo akwati a ƙirga kuɗin a kan tabarma. A zaɓi mutum uku, da mace a cikinsu, su shiga sito su ƙirga buhuna. Gani ya kori ji. Mai riƙe littafi daban, mai riƙe makulli daban. Kada a bari sai shekara ta kewayo: a yi bayan sayen kaka, a yi kuma bayan saidawar damana.

Kai kuma ka zo da littafinka da alƙalaminka, ka kwafe lambobin nan biyar. A taro na gaba ka duba: abin da aka ce ya rage wancan karo, shi ne aka ce an tarar yanzu? In sun yi daidai, ka yi wa sakatare godiya a gaban jama'a. In sun saɓa, ɗaga hannu.

Ka yi watanni kana zuwa aji da dare bayan gajiyar gona. Ba don sa hannu a takardar wani kaɗai ka sha wannan wahala ba. Taro na zuwa, kada ka ce "na yarda" sai ka gane.